Tashar da Ilu Ya Ji Shi Kaɗai

Ku samarin nan masu gyaran waya da kuka kewaye ni da rumfunanku, ina jin abin da kuke faɗa in kun ɗauka gyangyaɗi nake. Wai gyaran rediyo ba sana'a ba ce, canza batir ne da busa ƙura. Wai yanzu mutum yana kishingiɗe zai latsa waya ya kamo tashar kowace ƙasa, to don me Baba Garba ya cika shago da tsofaffin akwatuna, 'yan gwangwan na zuwa taya su yana korarsu. Ban ga laifinku ba, a dafe kuka tarar da abin. Amma tunda an ɗauke wuta kowa ya naɗe hannu, ku jawo benci ku ji yadda ake kamo murya a da.

Rediyon farko da aka bari na buɗe na wani direban babbar mota ne, a shagon maigidana Malam Hamza da ke kan hanyar Bompai. Kafin ranar na fi shekara ina shara, ina hura gawayi, ina miƙa sukudireba. Ƙarfen dalmarmu ba na lantarki ba ne, a garwashi ake sa shi, kuma sanin ya yi zafi daidai ma aiki ne. Sai ka kusanto da shi kumatunka ka ji hucinsa. In ya wuce kima ya ƙone maka allo, in bai kai ba dalma ta dunƙule kamar kashin awaki. Malam Hamza tsohon soja ne, a can ya koyi aikin, kuma ba ya maimaita magana. Ina ɗaukar sukudireba zan kwance bayan akwatin sai ya buge min hannu.

"Garba, ka gaishe shi?"

"Wa, Malam?"

"Rediyon. Kunna shi ka ji abin da ke damunsa, in ka gama ka shinshina. Likitan da ke yanka kafin ya yi tambaya ai mahauci ne."

Na kunna. Magana na fitowa, amma da ka murɗa neman wata tasha sai ya yi ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ya mutu, ka ƙara murɗawa ya dawo. Babu warin ƙuna. Malam ya ce to yanzu buɗe. A cikin rediyon wancan zamani akwai wasu siraran faya-fayan ƙarfe da ke shiga tsakanin juna in kana neman tasha, ba sa taɓa juna, ratarsu ba ta fi kaurin takarda ba. Zanzaro ne ya shiga ya yi gininsa na laka a wurin. Wuni na yi da gashin zabo da tsinke ina fitar da ginin nan, don in ka lanƙwasa faifai ɗaya ka kashe rediyon. Direban ya dawo da la'asar, ya kunna, ya ji mai labarai garau, ya miƙo min goro. Malam Hamza bai ce na yi ƙoƙari ba, amma washegari wani ya sa ya hura gawayin.

Kayan aikin duka ba su cika akwatin takalmi ba. Mita mai allura, filaya, sukudireba manya da ƙanana, da wani tsinken gora da muke fiƙewa don daidaita cikin rediyo, saboda in ka sa ƙarfe a wurin zai ja tashar ta kauce. Zaren da ke jan allurar neman tasha in ya tsinke, wajen dukawa muke sayo nasu mu murza shi da kakin zuma. Babu mai ba ka zanen cikin rediyo. Kunne ne da hanci da ɗan yatsa: ka lashi yatsa ka taɓa wani wuri, in lasifika ya yi gurnani ka san daga nan zuwa gaba lafiya lau, ka koma baya ka nemi ciwon. Wannan a mai batir ke nan. Mai bawul, wato mai 'yan kwalabe a ciki da ake jonawa a lantarki, in ka yi masa wannan karambanin, a bakin ƙofa za a tsince ka.

Cikin shekarun saba'in na buɗe nawa shagon nan Sharada, lokacin kamfanoni na tsirowa kamar ciyawar farkon damina. Masaƙu, majemu, kamfanin roba, na alawa, na kwanuka. In jiniya ta busa canjin aiki ba ka ganin kwalta don kekuna. Mutanen ƙauyukan Kano, na Haɗeja da Gumel, na Damagaram da Maraɗi, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan keke. Lebura in ya kama aiki, bayan keke rediyo yake saye, kuma sai an kai wa baduku ya ɗinka masa rigar fata mai maɗauri ana rataya shi a kafaɗa. Mutum zai yarda ya kwana da yunwa amma ba zai yarda rediyonsa ya kwana a wurina ba, a kaina zai zauna har in gama.

Akwai wata Hajiya mai tuwo a ƙofar kamfanin roba da ta kawo nata duk ya sha mai da yaji. Na wanke, na gyara, na miƙa mata. Ta ce saura abu ɗaya, in cire abin murɗawar in ba ta a hannu.

"Hajiya, in na cire da me za ku canza tasha?"

"Wa ya ce maka ina so in canza? Leburorin nan ne ke murɗe min shi, ni kuwa gaisuwar ɗana nake jira. Kafa min allurar a nan ka kashe ta."

Haka na yi. Irinta su ne yawancin masu kawo min aiki: labarai, waƙa, gaishe-gaishe, duk da Hausa, ba su da wuyar sha'ani. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da Allah ya jarrabe su da wata cuta daban, su muke kira 'yan lalube. Ba ruwansu da tashar da kowa ke ji. Gajeren zango suke shiga, su bi allura a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, suna neman tashar da ta fi kowace nisa, ko da ba sa jin kalma ɗaya ta yaren. Mutum ya sauko daga aiki ƙafafunsa sun kumbura don tsayuwa, maimakon ya kwanta sai ya manna kunne a akwati yana sauraron wani mutum a bayan duniya yana faɗin abin da bai shafe shi ba. Kowace tasha tana da alamar da take sakawa in za ta buɗe ko za ta rufe, wata ƙararrawa, wata kukan tsuntsu, wata ganga, wata ɗan guntun kiɗa, da wannan ake gane ta. Matansu sun ce aljanu ne. Ni ma da farko dariya nake musu, kafin shekara ta zagayo cutar ta kama ni.

Eriyar shagona ce ta tara su. Wajen mai naɗin injunan da suka ƙone na samo wayar tagulla, na warware ta na miƙar, na ja ta daga darbejiyar bayan masallaci zuwa wani turken ƙarfe a kan rufina, da wuyan kwalba a kowane ƙarshe don kada ta taɓa itace. Kowa sama yake kallo yana yabawa, alhali rabin aikin a ƙasa yake. Rediyo na son a ɗaure shi da ƙasa mai laima. Na binne guntun bututu da gishiri da gawayi daidai inda ake alwala, na jawo waya daga nan zuwa teburina. Kowace salla jama'a na shayar min da shi ba su sani ba. Ladan ne kaɗai ya gane, ya ce in dai ba za ta ja mutum ba babu komai.

Babban abokin gabarmu kuwa shi ne mai ciyar da mu. Injunan masaƙu da na walda da janareto suna zuba wata irin ƙara a iska, ba wadda kunne ke ji ba, wadda rediyo ke ji. Manyan tashoshi na ratsa ta su wuce, ƙanana nutsewa suke. Ga shi masaƙa ba ta barci, wasu na fita wasu na shiga. Sai ranar Sallah iska ke ɗan washewa.

Inda maza suka taru a kan farauta, ƙarya ba ta rasa wurin zama. Wannan ya ce jiya ya kamo tsibiri kaza, wancan ya ce shi ya wuce nan tun bara. Masu boko a cikinmu kan rubuta wa tashar, bayan watanni a aiko musu da kati mai hoto, shi ne shaidarsu. Yawancinmu ba mu da wannan hannun. Sai majalisa ta yi wa kanta doka irin ta ganin wata: ba a karɓar tasha sai mutum biyu daga cikinmu sun ji alamarta tare da mai rediyon. In sun shaida a kawo min, in tsoma tsinken ashana a jan fentin keke in ɗiga a gilashin rediyon, daidai inda allura ta tsaya. Ni kaɗai ke ɗigawa. In mutum ya shigo majalisa ba rigarsa ake kallo ba, gilashinsa ake leƙawa.

Katunan nan gara ta cinye yawancinsu, wasu an hura wuta da su, wasu yara sun yi wasa da su. Ɗigon fenti kuwa yana nan. Shi ya sa in ɗan lalube ya rasu nake bin iyalansa in roƙi akwatin, kafin a kai shi bola ko a goge gilashin da kananzir wai don ya yi kyau. Kowane ɗaya a kan kantar nan na san mai shi, na san kamfanin da ya yi aiki, na san wace tasha ce kowane ɗigo da su wa suka shaida. Ba a rubuce yake ko'ina ba, a kaina yake, kan nan kuma ya fara yoyo. Wannan shi ke ba ni tsoro, in faɗa muku gaskiya. Don haka ku riƙe ko guda ɗaya ne. Wancan mai baƙar rigar fata na Ilu ne, da hannunsa ya bar min ranar da zai bar Kano.

Ilu mutumin Haɗeja ne, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan masaƙun Challawa, yana zaune a Panshekara. Siriri ne marar hayaniya, ga hannu mai sanyi. Na taɓa ɗaura masa murfin gwangwani mai faɗi a kan abin murɗawa don allura ta riƙa tafiya a hankali, da wannan yake raba tashoshi biyu da suka hau kan juna kamar yadda yake raba zare a wurin aiki. Amininsa Mamman, Bakatsine ne, ma'aikacin majema. Kun san Bakatsine da Bahaɗeje, ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. In Mamman ya shigo sai Ilu ya toshe hanci ya ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Mamman ya ce ai gara warin fata da ƙarnin kifi.

Wata Babbar Sallah da ta faɗo cikin sanyi, kamfanoni duk sun tsaya. Ilu ya dawo daga sallar Asuba yana jiran gari ya waye a tafi filin idi, sai ya kunna rediyo ya gangara can ƙasan gajeren zango, wajen mita sittin, inda kullum ba a jin komai sai shuu. A nan ya ji wani mutum na magana da wani yare mai karkaɗa harshe, daga nan aka saki sarewa. Ya ce bai taɓa jin irinta ba, mai sanyi, kamar daga kan dutse ake busa ta. Babu shaida ko ɗaya kusa. 'Yan majalisa sun tafi garuruwansu, ni ina Sharada, matarsa Talatu na tsakar gida tana fama da tukunya. Yana ji yana gani sarewar ta dusashe a tsakiyar waƙa ta nutse.

Da aka dawo daga Sallah ya kawo maganar majalisa. Ya yi mana fiton waƙar, ya kai wani wuri ya tsaya cak, ya ce iya nan ya ji.

"Su wa suka ji tare da kai?" in ji Mamman.

"Ni kaɗai ne."

"To Fulani ne suka wuce da shanu ta bayan gidanka. Panshekara ai daji ce."

"Daga cikin akwatin ta fito, Mamman."

"Ko kuma yunwa. Wanda bai karya ba yana jiran rago, ai har algaita sai ya ji."

Aka kwashe da dariya. Wani akawu a cikinmu ya ce wataƙila ɗaya ce daga ƙananan tashoshin duwatsun Amurka ta Kudu, masu rufewa a tsakar darensu, wanda ya yi daidai da asubahinmu. Amma wataƙila ba shaida ba ce, kuma doka doka ce. Ban ɗiga ba.

Daga ranar sunansa ya koma Ilu Sarewa. Shi ma ya taimaka wa sunan, don fiton nan bai bar bakinsa ba, a kan keke, a wurin alwala, ko'ina, kuma kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Muka haddace ba da sonmu ba. Yaran Sharada suka ɗauka, in ya wuce su bi shi da ita. Ko wata tashar ya kamo da shaidunsa cur, sai wani ya ce, "Da sarewa ko babu?" Yana dariya tare da mu, amma abin na cinsa. Mutum ne da ko a wasa ba ya ƙara gishiri a magana, ga shi an mai da shi maƙaryacin majalisa. Abin da yake nema a duniya bai wuce mutum biyu su ji abin da ya ji ba.

Mun gwada, ba a ce ba mu gwada ba. Ranakun aiki ƙarar injuna ta rufe wurin ruf. Sallah kuma ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa, ta bar sanyi ta shiga kaka, ta doshi damina, lokacin da walƙiya ke cika rediyo da tartsatsi ko hadarin yana wata ƙasa. Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Wata rana ya kawo min rediyon wai murya ta ragu. Na saurara, na shinshina, na auna, ban ga komai ba, na goge na mayar masa. Ya sake dawowa da shi. Na ce to zan zo gida in duba eriyarsa. Na je yana wurin aiki, na hau katanga na bi wayar daga farko har ƙarshe, lafiya lau. Ina saukowa Talatu ta yi min magana daga bayan ƙyauren zaure.

"Malam Garba, sannunku da aiki. Kada ku wahalar da kanku, akwatin nan lafiyarsa ƙalau."

"To me ke faruwa?"

"Kunnen ne. In na yi masa magana ta baya ba ya juyowa. Kiran salla ma ni ke gaya masa. Don Allah kada ku ce ni na faɗa."

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin saƙa ya san ƙarar da ke ciki, ba a jin maganar wanda ke kusa da kai, da leɓe da hannu ma'aikata ke zance. Da wannan Ilu ya rufe mu, bakinmu yake karantawa muna ɗauka ji yake. Na samo abin sawa a kunne na tsohuwar tarho na haɗa masa da rediyon, na ce masa sabuwar dabara ce ta 'yan laluben ƙasashen waje. Ya karɓa ya sa a kunne. Manyan muryoyi yana ɗan kamawa da shi. Siraran sauti irin su fito da kukan tsuntsu da sarewa, su suka fara tafiya.

Abin da ya nuna min an shiga mummunar shekara, wani lebura ne ya ajiye min rediyo a tebur. Na kunna, na saurara, na ce ban ji ciwonsa ba. Ya ce ba shi da ciwo, saya zan yi. Cikin shekarun tamanin ne, kayan aiki suka daina shigowa ƙasa. Kamfanoni suka fara rage mutane, aikin dare ya tafi, na yamma ya bi shi, daga nan a sa kwaɗo a ƙofa a ce sai an neme ku. Mu ma kayan gyara suka ɓace a kasuwa, sai ka kashe rediyo biyu ka tayar da ɗaya. Batir ya zama abin lallaɓawa, a shanya shi a rana, a jera matattu cikin kwali a ɗaure da roba don a matse ɗan abin da ya rage. Hajiya mai tuwo ta kwashe tukwanenta. Majalisa ta watse, kowa ya kama gabansa. Masaƙar su Ilu ta rufe, ya ce zai koma gida wajen yayansa, noma da kamun kifi, motar wani ɗan garinsu kawai yake jira ta zo ta kwashe musu kaya.

Ana cikin wannan, wata safiya bayan Asuba na kunna wani rediyo da na haɗa don in gwada. Na ɗauka ban gama shi ba ne, don ban ji shuu ɗin da na saba ji ba. Na murɗa. Sai ga tashoshi na fitowa ɗaya bayan ɗaya, tsaf, a wuraren da shekara da shekaru ban san akwai kowa ba. Injuna sun yi shiru daga Sharada har Challawa, iska ta kwanta kamar ruwan randa da ba a taɓa ba, ga shi lokacin sanyi ne. Na rasa murna zan yi ko baƙin ciki, abin da ya toshe mana abinci shi ya buɗe mana iska. Na rufe shago na hau keke.

Ilu bai yi gardama ba, ya ɗauko rediyonsa da tabarma ya ce a shagona zai riƙa kwana har motar ta zo. Mamman ne aiki. Majemarsu ma ta sallame shi, na same shi a Na'ibawa yana dako a tashar mota.

"Garba, ana neman na tuwo kai kana neman sarewa?"

"Mutumin nan tafiya zai yi, Mamman. Kuma kunnensa ya riga shi tafiya."

Ya sauke buhun da ke kansa.

"Shi ya sa in na yi masa tsiya ba ya ramawa? Ni na ɗauka fushi yake da ni."

Washegari ya riga mu zuwa masallaci.

Na haɗa rediyon Ilu da doguwar eriyar, na sa masa batiran da na ɓoye wa kaina, na gyara shi yadda lasifika da abin kunnen za su yi aiki tare. Kullum in an idar da Asuba mu uku mu zauna, mai shayi ya miƙo mana kofuna, Ilu ya ɗora hannu a murfin gwangwaninsa. Babu ɗigo a wurin, amma hannunsa ya san wurin. Kwanaki muka yi sarewar ba ta zo ba. Wasu tashoshin sun yi ta wucewa waɗanda a da sai a yi wata ana fahariya da su, babu wanda ya ce a ɗauko fenti. In rana ta fito Ilu ya kashe rediyo, ya ce Allah ya kai mu gobe, Mamman ya kama hanyar tasha.

Ranar da ta zo ko zama ba mu gama yi ba. Mamman na hura shayinsa, ni ina neman wurin ajiye buta. Ilu ya kai allura wurin, ya ɗan wuce, ya dawo da ita kamar kaurin gashi, idonsa a kanmu don kunnensa ba ya gaya masa komai. Sai ga muryar namiji, can nesa amma a fili, yana magana da sauri yana karkaɗa harshe. Ya gama maganarsa. Sai sarewa.

Waƙar nan ce da yara suka yi shekaru suna bin Ilu da ita, ba ƙari ba ragi, hawanta da saukarta duka. Mamman ya ajiye kofi bai duba ba, shayin ya zube a tabarma. Ta zo daidai inda Ilu ke tsayawa, na ɗauka ta ƙare don a wurina nan ne ƙarshe. Ba ta tsaya ba. Ta ɗaga sama, ta yi wata lanƙwasa, ta sauko a hankali ta kwanta. Mutumin ya faɗi 'yan kalmomi, aka kashe tashar.

Ilu na danne da abin kunnen da hannu biyu, yana duban bakina yana duban na Mamman.

"Mene ne? Na ga kun yi wani iri."

Mamman ya matso ya durƙusa a gabansa yadda zai ga leɓensa sosai.

"Ita ce, Ilu."

"Sarewar?"

"Wallahi ita ce, yadda ka faɗa. Ashe Bahaɗeje kan yi gaskiya sau ɗaya kafin ya mutu." Yana faɗa hawaye na bin gemunsa.

Na ɗauko gwangwanin fenti, saman ya bushe don daɗewa, sai da na fasa ɓawon. Na tsoma tsinke zan ɗiga, Ilu ya riƙe min hannu.

"Garba, doka ta ce tare da mai rediyon. Yau ni ban ji komai ba."

Mamman ya juyo da fuskarsa wajensa. "Kai ka ji tun tuni. Shaidunka ne suka makara."

Ya fizge tsinken daga hannuna ya dangwala wani ƙaton ɗigo a karkace, har ya ɗan zubo. Shi kaɗai ne ɗigon da ba na hannuna ba a duk shagon nan, kuma ban gyara shi ba.

Ilu ya daɗe yana kallon jan fentin. Can ya ɗago.

"Ta wuce inda nake tsayawa?"

"Ta wuce," na ce.

"Yaya ƙarshen yake?"

Na yi masa fito. Ya girgiza kai, fito ba ya shiga. Sai Mamman ya zagaya gefensa, ya kewaye kunnen da tafukan hannunsa, ya ɗauko waƙar daga farko da babbar murya iya ƙarfinsa. Muryar Mamman kuwa ko jaki ba zai yi kishinta ba. Mai shayi ya leƙo, ladan ya fito daga masallaci da takalmi a hannu. Ilu ya rufe ido, ɗan yatsansa na bin waƙar a kan gwiwarsa. Da aka zo tsohon wurin yatsan ya tsaya, ya yi jim, sannan ya ci gaba a hankali har ƙasa. Mamman ya gama yana haki.

"Muryarka kamar ana jan fata a kan dutse," in ji Ilu, idonsa a rufe. "Sake."

Mamman ya ja numfashi ya sake.